Kyauta ce ko toshiyar baki?

Ƙanwarku mai bincike: Jama'a, raina a ɓace yake. An ba ni tambayoyin da aka tsara wa ɗaliban Turai kan cin hanci, aka ce in mayar Hausa in raba wa namu. Ɗaya tana tambaya ko ya dace ɗalibi ya kai wa malami kyauta. Yaron da ya tashi yana kai kuɗin Laraba makarantar allo zai ce ya dace, sai a lissafa shi cikin masu goyon bayan rashawa. Da mudun wasu ake auna mu.

Ɗan Zazzau: Ƙanwata, ke kika sa "kyauta". Abin da ake kai wa mai riƙe da makinka toshiyar baki ne.

Malamar firamare: Haba Yaya. In ta rubuta toshiyar baki ai ta faɗa wa yaro amsa. Wa zai ce ya dace?

Na Damagaram: Ku sa "goro", kowa zai gane.

Ɗan Zazzau: Goro ake rabawa a ɗaurin aure, goro kuma ake nema a shingen hanya. Wanne kake nufi?

Alaramma: Shari'a ta riga ta raba gardama. A Bukhari da Muslim, wanda aka aika karɓo zakka ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma ni aka ba. Annabi (SAW) ya ce me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa.

Malamar firamare: Allah gafarta Malam, kuɗin Larabar fa?

Alaramma: Malamin allo ba shi da albashi. Kada a haɗa mu da 'yan boko.

Malamin jami'a: Ga shi nan an zo kanmu. Wata takwas muka yi muna yajin aiki a 2022, wa ya kawo mana ko mudun gero?

Ɗan Zazzau: Takardun darasin da ake tilasta wa yara saye fa, Malam?

Malamin jami'a: Kawo shaida ko ka janye.

Ƙanwarku mai bincike: Don Allah a dawo. Afrobarometer, masu binciken ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka, su ma fassara tambayoyinsu suke yi zuwa harsunan gida. Ina so in san ko in ƙara "kafin jarrabawa" da "bayan an gama karatu".

Na Damagaram: Ni ba a amsa mini maganar goro ba.

Shugaban zaure: Na rufe. Abin da aka cimma shi ne maganar Alaramma ce ke da hujja, kuma duk abin da aka kai wa mai albashi toshiyar baki ne, haka za ki rubuta, ƙanwata. Malamin jami'a bai kare kansa ba. Wanda ya sake tayar da zancen goro zan cire shi.