Wa ya taɓa karanta haruffan Girkanci a gaban ɗan Girka?

Mai_Alli: Salamu alaikum. Na daɗe ina koya wa yara alfa, beta da miu a ajin fiziks. Makon jiya wani injiniya ɗan Girka ya zo aikin sola a unguwarmu, na jero masa su, sai ya ce su beta (β) "vita" suke ce mata, miu (μ) kuma "mi". Wanda ya taɓa cin karo da irin haka ya ba mu labari.

Baƙon_Atina: Malam, ai ka sha da sauƙi. Farkon zuwana Atina, babban birnin Girka, ko allon shago ba na iya karantawa. Tunda β ta koma v, in suna son sautin b sai su haɗa μπ, d kuma ντ. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne η da ι da υ da ει da οι, duk "i" ake furta su. Karatu ba laifi, amma in aka ce ka rubuta sai ka rasa wacce za ka ɗauka. Su ma yaransu haddace rubutun kalma suke yi.

Ɗan_Tauhidi: Mu a makarantar tauhidi a Filato, Helenancin (wato Girkancin) Sabon Alkawari da lafazin Erasmus aka koya mana, wanda ya samo asali daga littafin da wannan masani ɗan Holland ya fitar a 1528. Kowane harafi da sautinsa, shi ya sa malamai ke son sa. Ranar da na saurari limamin cocin Otodoks yana karanta farkon Yohanna, ayoyin da na haddace, da ƙyar na kama kalma biyu. Ἀμήν da muke cewa "amen", "amin" ya ce.

Malama_Larabci: Ni Larabci ne ya cece ni lokacin da nake koyo ta waya. δ kamar ذ take yanzu, θ kamar ث, χ kusa da خ, γ kusa da غ in a ko o ta biyo baya. Kuma jerin alfa, beta, gama, delta shi ne abajada: alif, ba, jim, dal. Daga Finikiyawa, mutanen dā na yankin Lebanon, Girkawa suka aro haruffan, wajen ƙarni na 8 kafin Miladiyya, suka mai da wasu wasula.

Baƙon_Atina: Ɗan'uwa Ɗan_Tauhidi, kada dai ka yi wa mai gidan da nake haya lafazin Erasmus. Cewa yake Turawan Yamma ne suka ɓata musu harshe.

Ɗan_Tauhidi: Ka gaishe shi, amma tumaki ba su goyi bayansa ba. Kratinos, mai wasan barkwanci a Atina a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, ya rubuta kukan tunkiya βῆ βῆ, wato "be be" a lafazin dā. Da lafazin yau "vi vi" ke nan. Sai dai mu ma da namu: zamanin da aka rubuta Sabon Alkawari, ει ta riga ta koma "i", don haka abin da muke yi a aji ba shi manzanni suka ji ba.

Likita_Kazan: A Rasha na yi karatu. В ɗinsu v ce, na sha rikicewa a kanta. Ashe lokacin da aka tsara haruffansu daga na Girkanci, wajen ƙarshen ƙarni na 9, beta ta riga ta sauya, dole suka ƙara Б don sautin b.