Darasi ɗaya ya sauka zuwa 78: zai hana yaro jami'ar da yake so?

Maman Abdallah (Jidda):
Assalamu alaikum iyaye da malamai. Yarona yana aji biyu na sanawiyya (babbar sakandare) a nan Saudiyya. Sakamakon zangon farko ya fito a Noor, shafin da ake duba sakamakon ɗalibai, duk darussa 95 zuwa sama, sai kemistiri kaɗai da ya samu 78, alhali a da yana kawo 96. Burinsa likitanci ko injiniya, kuma tun da ya ga sakamakon yake cewa shi ke nan an gama da shi. Don Allah masu sani, wannan maki ɗaya nawa yake ci a lissafin shiga jami'a? Akwai abin da za a yi yanzu?

Malam Abu Hafsa (Makka):
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki ce masa ya kwantar da hankali, lissafin ba haka yake ba. Jami'o'in gwamnati a nan ba sa ɗaukar takardar yaro su bi darasi ɗaya bayan ɗaya. Abin da suke dubawa shi ne nisba mauzuna, wato haɗin abu uku: matsakaicin sanawiyya na shekara uku, makin Ƙudurat (jarrabawar gwajin basira), da makin Tahsili (jarrabawar darussan da aka karanta). Kowace jami'a da rabonta. Jami'ar Sarki Sa'ud a Riyad, a fannin lafiya da kimiyya, an san ta da kashi 30 na sanawiyya, 30 na Ƙudurat, 40 na Tahsili.

Bari mu bi wannan 78 ɗin mu ga inda za ta ƙare. Daga 96 zuwa 78 an rasa maki 18. Nauyin darasi a zango yana bin yawan hissarsa a mako, wato sau nawa ake shiga ajinsa. A ce kemistiri hissa 4 ne cikin 32: 18 sau 4 a raba da 32, matsakaicin zangon ya ragu da 2.25. Shekara tana da zango biyu, to matsakaicin shekarar ya ragu da kusan 1.1. A ce aji biyu yana ɗaukar kashi 40 na jimillar shekara uku, saura 0.45. Jami'a kuma kashi 30 kawai take ɗauka daga nan, sai ya koma kusan 0.14 a mauzuna. Ki duba ainihin yawan hissa a jadawalinsa ki sake bugawa, amma ba zai yi nisa da wannan ba.

Yanzu ki kwatanta: maki ɗaya tak a Tahsili yana ƙara 0.4 a mauzuna, maki ɗaya a Ƙudurat 0.3. Ke nan yaron da ya tashi daga 88 zuwa 89 a Tahsili ya biya asarar kemistirin nan kusan sau uku.

Anti Zulai (Madina):
Lissafin Malam daidai ne, amma kada a tsaya nan. Abin tsoro ba lambar 78 ba ce, abin da ya jawo ta ne. Tahsili na 'yan kimiyya darasi huɗu ne: bayoloji, kemistiri, fiziks da lissafi, kuma tambayoyin suna fitowa daga abin da aka karanta a shekarun sanawiyya duka. Idan yaron bai fahimci babin da ya kayar da shi ba, babin zai sake tare shi a jarrabawar da take ɗaukar kashi 40, inda kuskure yake da tsada.

Saboda haka, Hajiya, ki je makarantar ki nemi a warware miki makin: nawa ya samu a aikin aji da aikin gida, nawa a gajerun gwaji, nawa a aikin ɗakin gwaji, nawa a jarrabawar ƙarshen zango. Idan makin ya zube ne a aikin da bai miƙa ba ko ranar gwajin da bai zo ba, wannan sakaci ne, tarbiyya ce maganinsa. Idan kuwa a jarrabawar ƙarshe ya zube, a nemo babin. A kemistirin sanawiyya yara sun fi tuntuɓe a lissafin mol (ma'aunin yawan sinadari) da daidaita ma'aunin haɗuwar sinadarai, kuma sau da yawa matsalar ta lissafi ce, musamman canza ma'auni daga giram zuwa mol. Awa ɗaya kullum na warware tambayoyi da alƙalami, har tsawon wata ɗaya ko biyu, ya fi haddar taƙaitattun bayanan da ake rabawa a WhatsApp.

Idan kina zargin kuskuren shigar da maki ne, ki kai ƙorafi ga makaranta da wuri, don ƙofar neman sake dubawa ba ta daɗewa a buɗe bayan fitowar sakamako.

Wani abu kuma: Ƙudurat ana zaunawa fiye da sau ɗaya, mafi girman makin ake ɗauka. Ya fara tun yana aji biyu, kada ya bari sai aji uku ta haɗe masa da Tahsili.

Ɗan Mai Wurno (Riyad):
Tambayar da ba a yi ba: yaron ɗan ƙasa ne ko mai iƙama, wato baƙo mai takardar izinin zama? Wanda mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce ana yi masa hukuncin ɗan ƙasa wajen karɓa. Mai iƙama kuwa ta ƙofar minha ta cikin gida yake shiga, wato guraben tallafin karatu na baƙi mazauna ƙasar, kujerun kaɗan ne, kuma jami'o'i da yawa ba sa buɗe fannin lafiya ga 'yan minha. A can iƙamar da wa'adinta ya ƙare ta fi 78 a kemistiri illa nesa ba kusa ba. A karanta sharuɗɗan kowace jami'a na shekarar da zai nema, don suna canzawa.

Masu yara a makarantun manhajar Sudan kuma kada su ɗauki lissafin Malam su ɗora a kan nasu. Shahadar Sudan jarrabawa ɗaya ce a ƙarshe, kuma nisba daga darasi bakwai ake fitar da ita. Rasa maki 18 a darasi ɗaya yana cin kusan 2.6 cikin ɗari kai tsaye, babu Ƙudurat da zai cike gurbin. Ga mai neman likitanci a Jami'ar Khartoum, inda ake yanka sama da 90, wannan ya isa ya sauya masa kwaleji.

Injiniya Sale (Dammam):
Idan akwai niyyar waje, hukuncin ya sake bambanta. Manyan jami'o'in Amurka mutum ne yake karanta takardar yaro ta shekara huɗu, daga aji 9 zuwa 12. Suna duba a wane darasi makin ya sauka, a wace shekara, da abin da ya biyo baya. 78 a zango ɗaya sannan 95 a na gaba ba ta cika hana kowa ba. Abin da yake cutarwa shi ne maki yana ta gangara har ajin ƙarshe, ko rauni a darasin da yaro ya ce shi zai karanta. Idan akwai dalili na gaske, kamar rashin lafiya ko rasuwa, malamin jagoranci na makaranta ya ambata a wasiƙarsa da jimla biyu, ba sai yaro ya cika rubutunsa da ba da haƙuri ba.

Ingila ta fi tsauri a nan. Tayinsu da sharaɗi yake zuwa: jami'ar Kambirij kan nemi A*A*A a A-level, jarrabawarsu ta kammala sakandare, ga yawancin fannonin kimiyya, makarantun likitanci da yawa kuma suna ambaton kemistiri da sunansa. Saukowa mataki ɗaya a darasin da aka shardanta zai iya soke gurbin.

Maman Abdallah (Jidda):
Allah ya saka da alheri. Na je makarantar, a jarrabawar ƙarshe ya rasa makin, babin mol ne kamar yadda Anti ta faɗa. Mahaifinsa ɗan ƙasa ne. Malam, to 0.14 ɗin nan ba za ta iya hana shi likitanci ba?

Malam Abu Hafsa (Makka):
Za ta iya, Hajiya, amma sai in ya tsaya daidai bakin layin da aka yanka, don a likitanci ana raba mutane da ɗigo. Layin kuma ba a sanin sa sai an gama tantancewa, yawan masu nema da makinsu ne suke kafa shi kowace shekara. Ki samo mafi ƙarancin mauzunar da kwalejin ta karɓa a shekara biyu ko uku da suka wuce, ya sa burinsa ya wuce ta da maki biyu. Lokacin cike zaɓi kuma ya jera su bisa abin da ya fi so, ya saka fannoni kamar harhaɗa magunguna da injiniya a ƙasa, kada ya rubuta likitanci kaɗai ya bar sauran gurabe fayau.