Littafin saurare kan yaƙin basasa

Direban Tirela: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kano zuwa Legas kwana biyu nake yi, ido na kan titi, ba damar karatu. Ina zan samu littafin da ake karantawa da murya kan yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970?

Malamin Firamare: Wa alaikumus salam, Alhaji. Duba Audible, manhajar littattafan saurare, amma da kuɗi ne, kuma da Turanci. Sai haƙuri da mai karatun, sunan Gowon ma sai ya murɗe shi.

Maman Yara: Shafin littattafan saurare na LibriVox kyauta ne, sai dai tsofaffin littattafai ne, Biyafara ba ta ciki. Na Napoleon na saurara ina tuƙa tuwo, har ya kama.

Direban Tirela: Hajiya, Allah ya saka. Tun a gareji zan sauke a waya.