Na turo 300 ta soket, read() ya ba ni 738263040, ina matsalar take?

Ɗalibin_C

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu hannu a C da Linux ku duba min wannan, ya ɗaure min kai sosai. Wani ɗan furogiram nake rubutawa da yake karɓar saƙo ta soket na TCP, wanda yake turowa kuma da Java aka rubuta shi, yana fara turo tsawon saƙon da writeInt, bait 4 ke nan, sannan saƙon ya biyo baya. Ni a nawa ɓangaren ga abin da na yi:

    int tsawo;
    read(fd, &tsawo, 4);

Na gwada da saƙo mai bait 300 amma da na buga da printf sai ga 738263040, kuma ba ta canzawa, duk sanda na turo 300 ita ce dai take fitowa, shi ya sa ban yi zaton sharar memori ba ce.

Na biyu kuma, na ce bari in ajiye wannan tukuna, na rubuta tsawon da hannu na turo saƙo mai bait 20000. In su biyun suna kan kwamfuta ɗaya komai lafiya lau, amma da na raba su kwamfuta biyu sai saƙon ya riƙa zuwa a gutsure, read ya dawo da 1448, wani lokacin 2896. Kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke kula da soket, shi ne ke da matsala ko Java ce?

TsohonHannu

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, babu ruwan kanel, babu ruwan Java, kowannensu abin da aka ce ya yi shi ya yi. Bari in ɗauki ta farkon.

Mayar da 300 zuwa hex, za ka samu 0x0000012C. Java a writeInt babban bait take fara turowa, wato a kan waya abin da ya iso maka shi ne 00 00 01 2C. Shi kuma firosesan da ke cikin kwamfutarka, in dai Intel ne ko AMD, har ma da ARM na wayoyi, ƙaramin bait yake sawa a gaba in zai ajiye lamba a memori. To da ka zuba waɗannan bait huɗun kai tsaye cikin int sai ya karanta su ta baya, ya ga 0x2C010000. Lissafa da kanka, 0x2C 44 ne, 44 sau 16777216 ka ƙara 65536, ga 738263040 ɗinka nan cif. Tsarin Java shi ne big-endian, kuma shi ne tsarin da TCP da IP suke amfani da shi a nasu kawunan fakit, na kwamfutarka kuma little-endian.

Gyaran layi ɗaya ne, ka sa arpa/inet.h ka yi tsawo = ntohl(tsawo), fankshin da ke mayar da lamba daga big-endian zuwa tsarin kwamfutarka. Kuma ka daina amfani da int a irin wannan wurin, ka ɗauko uint32_t daga stdint.h, tun C99 yake nan. long ma ya fi haɗari, a Linux mai bit 64 bait 8 ne amma a Windows mai bit 64 bait 4 ne, ranar da ka kai kod ɗin can sai ka rasa abin da ya same ka.

Malama_Bait

Ta biyun ita ce ta fi cin mutane, don ba ta nuna kanta sai an bar kwamfuta ɗaya. Lambar da kake ba read ba umarni ba ce cewa sai ya kawo maka haka, iyaka ce kawai, wato kar ya wuce haka. Abin da ya tarar a bafar kanel a wannan lokacin shi zai miƙo maka ya dawo, ko da bait ɗaya ne. TCP bai san wani abu wai shi saƙo ba, kamar ruwan famfo ne, kai ne ka san inda bokitinka yake cika.

1448 ɗin nan ma ba daga sama ta faɗo ba. Ethernet bait 1500 yake ɗauka a fakit ɗaya, cire 20 na IP, cire 20 na TCP, cire 12 na timestamp da Linux yake ƙarawa, saura 1448, kuma 2896 fakit biyu ke nan. A kan loopback kuwa, wato in su biyun suna kan kwamfuta ɗaya, MTU ɗin, wato iyakar girman fakit, 65536 ne shi ya sa 20000 ɗinka yake wucewa gaba ɗaya har ka ɗauka kod ɗin daidai yake.

Sai ka rubuta fankshin da zai yi ta kiran read har adadin ya cika, yana matsar da pointer gaba kowane zagaye. Ka lura da abu uku a ciki: in ya dawo da 0 ɗaya ɓangaren ya rufe ne, ka fita kar ka yi ta juyawa har abada, in ya dawo da -1 kuma errno ya zama EINTR sigina ce ta katse shi, sake kira kawai, sauran -1 ɗin kuskure ne na gaske. Kuma sakamakon a ssize_t za ka ajiye, in ka sa a size_t to -1 zai koma wata ƙatuwar lamba. Har bait huɗun farkon nan da wannan fankshin ɗin za ka karanta su, babu wanda ya yi maka alkawarin za su iso tare. write ma haka yake, yana iya rubuta rabi ya dawo.

Ɗalibin_C

Kai, na gode ƙwarai malamai, na sa ntohl ga 300 ta fito, na kuma rubuta lup ɗin. To wata tambayar, yanzu za mu ƙara bait ɗaya na nau'in saƙo kafin tsawon, zan iya yin struct mai uint8_t da uint32_t in karanta kai tsaye cikinsa da sizeof?

TsohonHannu

A'a fa. Buga sizeof ɗin ka gani, 8 zai ba ka ba 5 ba, saboda kompaila yana cusa bait 3 na banza bayan uint8_t don uint32_t ya zauna a adireshin da 4 ke rabawa. Za ka haɗiye bait uku na cikin saƙon, tsawon ma ya fito a karkace. A GCC da Clang kana iya sa __attribute__((packed)) ya koma 5, ni haka nake yi in ina sauri.

Malama_Bait

Malam TsohonHannu a nan kam ban bi ka ba. packed yana aiki, amma da zarar wani ya ɗauki pointer na filin da ke ciki ya miƙa wa wani fankshin, an koma karanta lamba daga adireshin da bai daidaita ba, x86 zai yi shiru ya wuce amma akwai firosesan da zai kashe furogiram ɗin da SIGBUS, kuma a ƙa'idar C ma abin undefined ne, wato babu tabbacin abin da zai faru. Ni dai bafa ta unsigned char mai bait 5 nake karantawa in haɗa lambar da hannuna:

    nau_i = b[0];
    tsawo = (uint32_t)b[1] << 24 | (uint32_t)b[2] << 16
          | (uint32_t)b[3] << 8 | b[4];

Wannan ko ntohl ba ya buƙata, kuma amsa ɗaya zai ba ka a kowace irin kwamfuta, don ba ka tambayi yadda firosesa ke jera bait ba sam. Kar ka cire (uint32_t) ɗin nan ka ce ya yi yawa, in babu shi b[1] int yake komawa, in ya kai 128 ka tura shi 24 ya shiga bit na alama, wanda ke nuna lamba ta yi ƙasa da sifili. Maganar gudu kuma kar ta dame ka, kompaila na yanzu yana gane wannan salon ya mayar da shi bswap, umarnin firosesa guda ɗaya mai juya jerin bait.

root_ba_wasa

Duk abin da suka faɗa haka ne, amma akwai wanda ba a taɓo ba kuma shi ya fi ba ni tsoro. Da ka samu tsawon me kake yi da shi, malloc ko, don neman memori mai wannan girman? To ka tuna wannan lambar daga waje ta zo. Da ba ka buga printf ba da ka nemi sama da megabait 700 ba ka sani ba, kuma a Linux malloc ɗin yana iya yin nasara saboda overcommit, wato kanel yana alkawarin memori fiye da wanda yake da shi, sai furogiram ya zauna yana jiran bayanan da ba za su taɓa zuwa ba. Wanda ya so ka da sharri FF FF FF FF kawai zai turo. Heartbleed, gibin tsaron nan da aka gano a 2014 a OpenSSL, laburaren ɓoye bayanai, ai daga nan ya samo asali, an yarda da tsawon da ɗaya ɓangaren ya faɗa ba a gwada shi da abin da ya iso ba. Ka yanke iyaka, in saƙonku ba ya wuce kilobait 64 duk abin da ya haura haka ka rufe soket ɗin.

Sannan gaba in irin wannan ta taso, kunna furogiram ɗin da strace -e trace=read -xx, zai nuna maka kowane kiran read da bait ɗin da ya dawo da su a hex da kuma adadinsu, da ka ga 00 00 01 2c da idonka tun a gwajin farko.