Jarumar labarina ta tsira, amma alƙalamina ya tsaya cak

Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta. Don Allah ku agaza min da shawara, wata uku ke nan na kasa wuce babi na 11.

Labarin wata budurwa nake rubutawa, wadda ta kuɓuta daga hannun mutumin da ya hallaka 'yan mata shida ɗaya bayan ɗaya. Ta tsira, amma fuskarsa ta ɓace mata. Abin da take tunawa kawai warin fetur a kujerar motarsa da wani tabon ƙuna a bayan hannunsa.

Tunda ta kuɓuta sai fargabar ta mutu, labarin ya koma zirga-zirgar ofishin 'yan sanda. Na karanta yadda wata da ta tsere wa Ted Bundy, wani makashin mata da yawa, a jihar Utah ta Amurka a 1974 ta nuna shi cikin jerin mutane bayan kusan shekara guda, aka same shi da laifin sace ta a 1976. Wannan dogon zaman ɗar-ɗar nake so mai karatu ya ji a jikinsa, abin ya gagare ni.

In bar makashin ya gano tana raye ne, ko in ɓoye shi har ƙarshe? Ba na son ta zama abar tausayi kawai.