Yaranku ma suna canza wa siffa suna in an juya ta?

Uwar Biyu: Salam jama'a, dan Allah iyaye da malamai ku ba ni naku labarin. 'Yata ta haddace sunayen siffofi tsaf, amma na yanko takarda sikwaya na ɗan juya ta ta tsaya kan kusurwa ɗaya sai yarinyar nan ta ce wai dayamon ne. Na ba ta rula ta auna, gefe huɗu duk tsawonsu ɗaya, amma ta kafe. Ku ya kuka yi da naku?

Malamin Firamare: Wa alaikumus salam Hajiya. Ai wannan duk shekara sai na sha shi, kuma ni dai zanen littattafai nake ɗora wa laifi, alwatika kullum a zaune take daram tsininta na kallon sama, to yaro sai ya ɗauka zaman ne sunan. Ranar da na zana wata doguwa siririya a kwance a allo aji ya kaure da musu wai ba alwatika ba ce. Yanzu ba na bari a faɗi suna sai an amsa min abu uku, gefe nawa, waɗanne ne tsawonsu ɗaya, akwai kusurwa mai digiri 90 ko babu. Sannan na sa kowa ya yanki alwatikar da ya ga dama, ya yage kusurwoyin ukun ya jera su tsini da tsini, ta kowa sai ta ba da miƙaƙƙen layi, wato digiri 180. Ki ga ido yadda suka zaro.

Baban Yara: Ni tawa ta ɗan bambanta. An tambayi ɗana ko sikwaya rektangul ce ya rubuta eh, aka sa masa jan biro. Yaro ya dawo yana kumbure-kumbure, ni kuma na rasa bayan wa zan bi.

Malama Mai Lissafi: Baban Yara ɗanka ne da gaskiya wlh. Sharaɗin rektangul gefe huɗu ne da kusurwa huɗu kowacce 90, ba a ce dole wani gefe ya fi wani tsawo ba, sikwaya kuwa ta cika wannan har ta ƙara da daidaiton gefuna. Haka kuma rombus ce, tunda shi gefe huɗu masu tsawo ɗaya kawai ake nema. Amma ba kowace rektangul ce sikwaya ba, a nan yara suke rikicewa. Kar dai ka je wa malamin da faɗa, Yuklid kansa, masanin lissafin nan da ya yi rubutu wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa ya ware su ne daban-daban, daga baya aka ga shigar da ɗaya cikin ɗaya ya fi sauƙin aiki, duk abin da ka tabbatar a kan rektangul ya hau kan sikwaya ba sai ka sake wahala ba.

Kafinta: Malama kin burge ni. Mu a wajen aiki awon gefe kaɗai ba ya isa. Yaron shagona ya haɗa firam ɗin ƙofa, dama da hagu daidai, sama da ƙasa daidai, yana ta murna, aka zo sa ƙofa ta ƙi shiga saboda firam ɗin ya kwanta gefe guda. Na ce ja tef daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, sannan ka ja ɗaya ɓangaren, in awon biyu bai zo ɗaya ba to kwanarka ba 90 ba ce. Ko daga kwanar ka auna 3 a wannan gefe, 4 a wancan, in 90 ce tsakaninsu zai ba ka 5 cif. In ya daidaita sai mu buga katako a karkace mu riƙe shi, don alwatika ba ta gocewa in dai ba katakon ne ya karye ba.

Ɗalibar Sakandare: Kawu Kafinta wannan firam ɗin da ya kwanta shi ake ce mana faralelogiram a aji hhh. Ni abin da ya cece ni wajen gano jimillar kusurwoyin siffofi masu gefe da yawa, daga kusurwa ɗaya nake jan layi ina raba siffar zuwa alwatika. Mai gefe huɗu alwatika biyu take bayarwa, kowacce 180, jimilla 360 kenan, mai biyar 540, mai shida irin kan noti 720, in gefuna da kusurwoyinta daidai suke kowace kusurwa 120.

Uwar Biyu: Malam ita wannan ta yage takardar, yarinya 'yar shekara takwas za ta gane kuwa?

Malamin Firamare: Sosai ma Hajiya, ki dai sa ta shafa wa kowace kusurwa kala daban kafin ta yage, in ba haka ba za ta rasa wanne ne tsinin.