Ɗana yana firamaren Katolika, amma labarin makaranta ba ya iso mini: ku yaya kuke yi?

Maman Sadik, Kaduna

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman waɗanda 'ya'yansu ke firamaren 'yan Katolika, ko suka taɓa yi, su ba ni labarin yadda suke hulɗa da makarantar. Mu Musulmi ne, bana muka mayar da yaronmu aji uku a wata makarantar mishan da ke kusa da unguwarmu. Wajen karatu dai alhamdu lillahi, yaron da a da sai an yi da gaske yake haɗa baƙi yanzu shi ke karanta mini takardar asibiti. Damuwata ita ce labari ba ya iso mini. An yi taron iyaye da malamai har an yanke kuɗin gyaran katanga, ban ji ba sai da takardar biya ta zo. Da na tambaya aka ce ai an sanar a coci bayan Misa ranar Lahadi, kuma an ba yara takarda. To ni ba na zuwa coci, takardar kuma a ƙasan jaka na tsince ta bayan an gama komai. Yanzu ga ambulan an aiko na bikin godiya da baza. Wajibi ne? Kuɗin makaranta zai shiga ko coci? Ba na son in zama uwar da ba a ganinta sai ranar biyan kuɗi.

Katikis mai ritaya, Zonkwa

'Yata, sannu da ƙoƙari. Bari in fara da ambulan tunda shi ya fi tsaya miki. Bikin godiya na majami'a ne: bayan kaka kowane gida ya kawo abin da Allah ya hore masa, doya, masara, kaza, akuya, a yi addu'a, sannan a yi gwanjonsu a baza. Idan ambulan daga majami'a ya fito, kuɗin na majami'a ne, kuma ba dole ba ne a kanki. Akwai makarantun da ke yin nasu bikin daban don sayen benci ko littattafai. Ki duba sunan da ke kan ambulan, in bai fito fili ba ki tambayi hedimasta kai tsaye, ba abin kunya ba ne.

Sai ki san masu riƙe da makarantar. Galibi mallakar dayosis ce, wato yankin coci da ke ƙarƙashin bishop, ko ta wata ƙungiyar sistoci. Fada mai kula da majami'ar wurin shi ne manaja, hedimasta ko Sista ke tafiyar da aikin yau da kullum, a sama kuma akwai sakataren ilimi na dayosis. Abin da ya gagara a ofishin hedimasta, wurin Fada ake kai shi.

Ni na ga lokacin da gwamnati ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970. A nan Kaduna Queen of Apostles ta Kakuri ta koma Queen Amina, St. John's ta koma Rimi College, firamare da yawa kuma suka koma hannun ƙananan hukumomi. Waɗanda coci ta sake ginawa daga baya ba gwamnati ke biyan malamansu ba. Albashi, alli, rufin aji, duk daga aljihun iyaye da baikon masu bi suke fitowa. Shi ya sa taron iyaye ke da nauyi a wurinmu. Amma sanarwa a coci kaɗai kuskure ne, na sha faɗa wa fadoci haka tun ina aiki. Makarantar da ta karɓi ɗan Musulmi ta ɗauki alhakin isar da labari har gidan ubansa.

Baban 'Yan Biyu, Jos

Hajiya, irin abin da ya same ki shi ya kai ni cikin kwamitin iyaye. Na je taro na miƙe na ce mu da ba ma zuwa Misa a ina za mu riƙa ji? Wata dattijuwa 'yar Zumuntar Mata ta ce gaskiya ne, ta kuma ce tunda ni na kawo maganar a sa ni cikin kwamiti. Haka na zama ma'aji.

Abin da muka gyara: kowane aji yana da zaurensa na WhatsApp, malamin aji da uwa ɗaya ne kawai ke iya saka saƙo, don kada sanarwa ta nutse cikin gaisuwar Juma'a da ta Lahadi. Wanda ba shi da babbar waya ana tura masa tes. Taro kuma muka mayar da shi Asabar da hantsi, ba Lahadi bayan coci ba, ba kuma Juma'a ba. Kuɗin iyaye muka buɗe masa asusu daban da na makaranta, ba a cire ko kwabo sai da sa hannun mutum biyu, ƙarshen zango a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita. Da farko Fada bai ji daɗin raba asusun ba, ya ɗauka zarginsa ake yi. Da ya ga masu ƙin biya sun fara biya, shi da kansa ya riƙa ba wasu majami'u labari.

Ke kin san Jos da abin da muka gani tun 2001, unguwanni sun rabu, kowa ya koma cikin nasa. Bakin ƙofar makarantar nan na cikin wurare kaɗan da har yanzu nake tsayawa da maƙwabtanmu na da mu gaisa mu tambayi iyali. Wannan kaɗai ya isa ya sa ba na wasa da taron.

Hajiya Kaka, Kano

Ni kaina wurin sistoci na yi karatu, jikokina ma can suke. Sistocin St. Louis tun 1948 suke Kano, kuma gidajen Musulmi da yawa sun ratsa ta hannunsu. Abin da zan gaya miki, ƙanwata: ki yi maganar addini tun wuri, a fili, cikin mutunci. Za a yi addu'ar safe a asambuli, akwai gicciye a aji, wannan makarantarsu ce. Ki tambaya me ɗanki zai yi a lokacin darasin addinin Kirista, kuma ƙarfe nawa ake tashi ranar Juma'a. Mu Islamiyya da yamma ba ma fashinta.

A azumin 2025 da Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi suka rufe makarantu, bishop-bishop na Katolika da Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya (CAN) sun nuna rashin amincewa, zaurenmu na iyaye ma ya ɗau zafi kwana biyu. Abin da ya kwantar da shi, wata uwa ta ce a bar gardamar gwamnati, a yi maganar 'yan aji shida da jarrabawar shiga sakandare ke gabansu. Malamai suka riƙa turo aiki ta waya, iyaye suka haɗa musu kuɗin data.

Malamar aji biyu, Zariya

Daga ɓangarenmu kuma: ranar buɗe aji ga iyaye, uwaye ne ke cika benci, ubanni sai ɗaiɗai. Yaron da babansa ya zo ya buɗe littafinsa ko sau ɗaya, muna ganin canji a makon. Don Allah Maman Sadik ki ja Baban Sadik ku zo tare. Kuma ki karɓi lambar malamar ajinsa, ki riƙa duba jaka kowace Juma'a, ranar muka fi ba da takarda.

Abu Hanifa, Kakuri

Ni dai ba zan ɓoye ba, tawa gogewar ba ta yi daɗi ba, har na cire yarana. Kowane zango da sabon kuɗi: na wasannin gidaje, na bikin yaye ɗalibai har da 'yan nazare, na rigar Laraba. In ka je taro, an riga an gama magana tsakanin masu hali da ke zaune a gaba, kai dai a ce ka ɗaga hannu. Kuma da Turanci ake yi daga farko har ƙarshe, uwar da ba ta yi boko ba ta zauna shiru ta tashi shiru. Bayan cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota kaɗai ya ninka mana, na roƙi a bari mu biya kashi-kashi aka ce babu wannan tsarin. Ba addini ne ya kore ni ba, ban taɓa ganin an matsa wa yarana a kan wannan ba. Rashin jin ta bakin talaka ne.

Maman Godiya, Minna

Yaya Abu Hanifa, maganarka gaskiya ce, kuma ba Musulmi kaɗai take ci ba. Ni 'yar Katolika ce, 'yar Zumuntar Mata, ƙosai nake soyawa, kuma na taɓa zama a taron da ban gane rabin abin da aka faɗa ba. Mu muka matsa sai da aka sa mai fassara da Hausa. Biyan kashi-kashi ma sai da muka je wurin Fada mu da yawa, ba ɗaya-ɗaya ba, sannan aka yarda.

Abin da ya haɗa kanmu sosai shi ne Papiri. Da aka sace ɗaruruwan yara da malamansu daga makarantar St. Mary's ta garin Papiri a ƙaramar hukumar Agwara ranar 21 ga Nuwamba 2025, aka rufe makarantu a jihar Neja, babu uwar da ta yi barci. Sai dab da Kirsimeti aka sako na ƙarshe. Da aka koma, taron da muka yi ban taɓa ganin cikarsa ba, masu hijabi da masu ɗankwalin zumunta a benci ɗaya. Aka ƙara maigadi, aka yi wa kowane yaro katin ɗauka, ba a ba da yaro ga ɗan acaɓa sai wanda iyaye suka kawo da kansu aka rubuta sunansa. Ubanni suka raba kwanaki suna tsayawa a ƙofa lokacin tashi. Saboda haka kuɗin katangar nan, Maman Sadik, in da hali ki biya, amma ki nemi a nuna miki lissafi.

Ɗan Damagaram

A nan Nijar lakwal ɗin mishan, wato makarantunsu na boko, kusan duk 'ya'yan Musulmi ne a ciki, don Kirista ba su da yawa. Sanarwa a coci ba ta ma taso ba, a cikin kaye, wato littafin rubutu na yaro, mushe (malami) ke rubutawa, uba ya sa hannu ya mayar. Lokacin tarzomar Janairun 2015 da aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai, wutar ta taɓa har lakwal ɗin mishan ta garinmu, kuma 'ya'yanmu ne suka rasa aji. Ku gwada dabarar sa hannun nan, tana aiki ko babu waya.

Maman Sadik, Kaduna

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Katikis, na duba ambulan, sunan majami'a ne a kai, na kuma je wurin Sista ta ce ba dole ba ne. Na kawo mata maganar zauren WhatsApp da ta sa hannu a littafi, ta ce in zo in faɗa da bakina a taro mai zuwa. Baban 'Yan Biyu, don Allah ka rubuto mini yadda kuka tsara asusun nan da waɗanda ke sa hannu, in tafi da shi a rubuce. Maman Godiya, mai fassarar taku daga cikin iyaye kuka zaɓa ko daga malamai?